Sandar Ladan da Ƙanƙarar Kudu

Ƙanena Fakhruddeen ladan ne a wani masallaci a Bagama, nan kusa da Suleja, shekara talatin da takwas ke nan, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ni Yalwa ni na goye shi, don haka na san abin da nake faɗa. Mutumin da har yau bai yarda da agogo ba! Akwai agogon lantarki a bangon masallacin, wani ɗan kasuwa ya kawo tsaraba daga Makka, da kansa yake nuna lokutan salla. Amma shi Malam sai ya fita tsakar masallaci ya tsuguna gaban wata sanda da mahaifinmu ya kafa a ƙasa, ya zuba wa inuwarta ido. Sai inuwar ta gama tsukewa ta fara miƙewa, sannan zai tashi ya kira azahar. In ka ce masa agogo ya nuna, sai ya ce agogo bai taɓa ganin rana ba. Ranar da hadari ya rufe gari kuwa yakan saci kallon agogon, a zatonsa ba wanda ya lura.

'Yarsa Muhsina ita ce ta biyo shi a taurin kan. Ta karanci halittun ruwa a jami'a, daga nan ta samu gurbin ƙarin karatu a Afirka ta Kudu. Bai hana ta ba, don ya tambaya an ce masa akwai masallatai a can. Da ta zo hutu ne ta taho da labarin da ya raba su.

Ina gidan ranar, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida da uwarta Sakinatu. Muhsina ta durƙusa ta ce an zaɓe ta cikin masu binciken da za su shiga wani jirgin ruwa na wata uku, mutanen ƙasashe goma sha ɗaya, za su gangara can ƙarshen duniya ta kudu inda teku yake daskarewa. Ta ce akwai wasu ƙananan halittu a ruwan, irin ƙananan jatan landen da Mmesoma mai kayan miya take aunawa a mudu a kasuwarmu, su ne abincin kusan duk wani mai rai a wurin, tun daga tsuntsaye har dabbobin ruwan da suka fi tirela girma. Yanzu manyan jirage sun fara kwasar su. Aikinsu shi ne su ƙirga, su auna, su kai shaida gaban wani taro na ƙasashe fiye da ashirin, don a keɓe wani yanki na tekun ya zama hurumi, kada kowa ya jefa koma a ciki.

Malam ya saurare ta har ta gama. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi ko da maza za a tafi ba. Abin da ya tambaya ɗaya ne.

"A can ƙarfe nawa rana take faɗuwa?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, a watannin da za mu yi, ba ta faɗuwa. Zagaye kawai take yi."

"Ba magariba?"

"Babu, Baba. Amma malamai sun yi bayani, ana kimantawa da..."

"Na san abin da malamai suka ce," in ji shi. "Kada ki koya mini. Ni na tashe ki da kiran salla tun kina zanen goyo, yanzu ki ce za ki tafi inda lokaci ba shi da kai ba shi da ƙafa, saboda abincin kifin da ba na ubanki ba. Ruwan da ba na kowa ba, ke ce za ki tsare shi?" Ya miƙe ya zura takalmi. "Ban hana ki ba. Amma ban sa miki albarka ba."

Haka ta tafi. Ranar tafiyar ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta yi sallama sau uku, yana ciki, na ji motsinsa, bai amsa ba. Yarinyar da ba ta taɓa fita ko zuwa Minna ba sai ya dafa kanta. Ni na raka ta tasha, ba ta yi kuka ba har motar ta tashi, kuma wannan ya fi kukan ci mini rai.

Na dawo na same shi na wanke shi tas. Na ce, "Kai Fakhru, ba ka da kunya? Yarinya za ta hau ruwan da ko sunansa ba mu iya faɗa ba, ka bar ta ta tafi da baƙin ciki?" Ya ce, "Yaya, ki bar maganar nan." Na ce ba zan bari ba. Ya ɗauki butarsa ya fice. Sakinatu kuwa, baiwar Allah, ba ta iya musu da shi ba, sai dai ta shiga ɗaki ta share hawaye.

Ni kifi nake soyawa a bakin titi a Gauraka, shekara ta fi talatin, kuma maganarsa ta ruwan da ba na kowa ba ta tsaya mini a wuya. Muna yara, akan kai mu wajen dangin uwarmu a Lambata. Akwai wani gurbi mai zurfi a kogin Gurara da ake rufewa, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da dattawan ƙauyukan da ke kewaye suka haɗu suka buɗe, Gwari da Hausawa da kowa. Na ga ranar buɗewa da idona, na ga kifin da sai mutum biyu suke ɗauka. Daga baya wani ƙauye ya ce shi bai yarda a ci gaba da rufewa ba, sauran suka ce to su ma ba za su zauna suna kallo a kwashe ba. Shekara nawa aka yi? Gurbin yana nan har gobe, je ka jefa koma ka ga abin da za ka samu. Yau kifin da nake soyawa a kwali yake zuwa, daskararre, daga tekun da ban taɓa gani ba, kuma kowace shekara in na buɗe kwalin sai in ga sun ƙara ƙanƙancewa. To in ruwan ba na kowa ba ne, ni me nake ci?

Da jirginsu ya tashi, ni Muhsina take aiko wa saƙo, don ta san wayar babanta ba za ta amsa ba. Ta aiko mini hoton wasu tsuntsaye da ba sa tashi, suna tafiya a tsaye, ƙirji a gaba, sai ka ce 'yan siyasa za su ɗaurin aure. Ta aiko hoton abokan aikinta, wata daga Indiya, wani daga Jamus, wani daga Chile, duk an naɗe cikin jajayen riguna ba ka gane kowa sai ido. Ta ce suna jefa raga su ɗebo halittun nan, su auna su ɗaya bayan ɗaya da abin awo, hannu yana ƙagewa don sanyi. Na ce Allah ya ba da lada, ni ko biyana aka yi ba zan auna jatan lande ba.

Sai a mako na biyar ta aiko saƙon murya da ya hana ni sukuni. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Gwaggo, ina yin sallolina, ban bar ko ɗaya ba. Ina bin lissafin da aka ba ni. Amma in na idar sai in ji kamar ban yi ba. In na leƙa waje rana tana nan, in na kwanta tana nan, in na tashi tana nan. Kullum sai in ji maganar Baba a kunnena. Wataƙila gaskiyarsa ne." Na saurari saƙon nan sau huɗu, har kifi ya ƙone mini a kasko.

Ana cikin haka Malam Bitrus ya zo sayen kifinsa na kullum. Tsohon malamin sakandare ne, labarin ƙasa ya koyar har ya yi ritaya, kuma shi ya koyar da Muhsina a aji uku. Ya ga fuskata ya ce, "Mama Yalwa, lafiya kuwa? Yau ko tsiyar da kike mini ba ki yi ba." Na zayyana masa komai. Ya gama taunar kan kifi, sannan ya ce in tambaye ta daidai inda jirginsu yake, da lambobin da matuƙa suke amfani da su. Na ce ni ina ruwana da lambobi? Ya karɓi wayar ya rubuta da kansa.

Washegari sai ga shi da wata tsohuwar taswirar duniya mai siffar ƙwallo, duk fentinta ya koɗe, an ɗaure gindinta da waya. Ya ajiye ta kan bencin masu cin kifi, ya ce in ba shi zare. Na tsinko daga bakin zanena. Ya ɗora yatsana a kan wani ɗigo ya ce nan ne Suleja, ko kusa da ita. Sannan ya ja zaren ya gangara da shi ƙasa, ya ratsa teku, bai karkata dama ko hagu ba, har ya kai wani farin wuri a gindin ƙwallon.

"Ga 'yarku nan," in ji shi. "Jirginsu ya tsaya jikin ƙanƙara suna sauke kaya, kuma suna daidai saitin garin nan. Duk wanda yake kan zaren nan, tsakar ranarsa ɗaya ce da tamu. Lokacin da rana ta kai ƙololuwa a Bagama, a can ma ta kai iyakar hawanta. Ba ta faɗuwa, gaskiya ne, amma tana hawa tana sauka."

Na ce, "Malam Bitrus, kana nufin in ta kafa sanda, inuwar za ta tsuke ta miƙe?"

Ya ce ƙwarai kuwa.

Ban tsaya kashe wuta ba, maƙwabciyata na bar wa kaskon. Na rungumi ƙwallon nan na tare keke. Mai keken yana ta kallona ta madubi, tsohuwa da warin kifi ta rungumi duniya a cinya, na ce ya kalli gabansa kafin ya kai mu lahira.

Na samu ƙanena a tsakar masallaci yana shara. Na dangwarar da ƙwallon a gabansa, na ja zaren kamar yadda aka nuna mini, na faɗi abin da aka faɗa mini, wani wurin ma na ƙara gishiri. Ya kalli ƙwallon a wulaƙance.

"Wannan ai abin wasan yara ne, Yaya. Kwali ne da fenti."

Na ce, "To na ji. Agogo bai taɓa ganin rana ba, ƙwallo ma bai taɓa gani ba. Sandarka fa? Ita ma ƙarya take yi? A sa yarinyar ta kafa sanda a can, kai ka tsuguna gaban taka a nan. In inuwoyin ba su tsuke tare ba, na yi maka alkawari ba zan ƙara ɗaga maganar nan ba har in mutu."

Ya daɗe yana kallon tsintsiyar hannunsa. Na san abin da yake ci masa rai, don ni na goye shi. Ba fatawa ce ta dame shi ba, ya san ta tun kafin a haifi yarinyar. Shi dai bai iya yarda da abin da bai gani a ƙasa da idonsa ba, kuma tsoro yake ji 'yarsa ta je inda muryarsa ba ta da amfani.

"Sandar ta zama miƙaƙƙiya," ya ce daga ƙarshe, ba tare da ya dube ni ba. "Kuma wurin ya zama shimfiɗaɗɗe. Ki gaya mata."

Ki gaya mata! Ko sunanta bai kama ba. Amma na karɓa, na gaya mata.

Sai da aka yi kwana biyu kafin shugaban tafiyar ya ba ta izinin sauka kan ƙanƙarar a wannan lokacin. Ta ce da abokan aikinta suka ji dalili, Bajamushen ya ba ta sandar da suke auna zurfin ƙanƙara, 'yar Indiyar ta ce za ta riƙe mata waya, wani kuma ya kawo abin da magina suke duba daidaiton gini da shi don kada sandar ta karkace. Mutanen da ba su san alƙibla ba, suka fito cikin sanyin nan saboda sandar wani ladan a Bagama.

Ranar Laraba ce. Tun ƙarfe sha biyu na rana na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar masallacin ta waje, wayata a hannu. Malam yana tsugune gaban sandarsa da 'yan tsakuwoyi, duk bayan ɗan lokaci sai ya ajiye ɗaya a bakin inuwar. Ita ma can haka take yi, da ƙusoshi, tana aiko hoto. Inuwarta doguwa ce, ta fi tasa nesa ba kusa ba, shuɗiya a kan farin wuri. Na miƙa masa wayar ya gani, ya karɓa da yatsa biyu kamar za ta cije shi.

"Tata kudu take kallo," ya ce. "Tawa arewa."

Na ce to me ke nan?

"Rana tana tsakaninmu ke nan." Ya miƙo mini wayar ya koma kan tsakuwoyinsa.

Ni dai na san in Malam Bitrus ya yi kuskure na kashe maganar da bakina. Inuwar sandar Fakhru tana ta tsukewa a hankali, har ta zo ta tsaya kamar ba ta motsi. Ya ajiye tsakuwa. Ya jira. Ya ƙara ajiye wata, sai na ga wannan ta ɗan wuce ta bayanta. Ya buɗe baki zai yi magana ke nan wayar ta yi ƙara a hannuna. Saƙon murya ne, iska tana kaɗawa a ciki kamar za ta tsaga wayar.

"Gwaggo, ta juya! Ta fara miƙewa. Ku fa?"

Malam bai motsa ba. Yana tsugune, hannunsa a kan tsakuwar, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Rabon da in ga hawayen Fakhru tun ranar da aka binne mahaifinmu. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba, na ce, "To sarkin taurin kai, sai ka tashi, mutane suna jiran salla."

Ya tashi ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Yaya ake yi a ɗauki magana a abin nan?" Na danna masa. Ya shiga da wayar, ya riƙe ta kusa da bakinsa tare da lasifikar, ya kira azahar. Na shekara talatin da takwas ina jin kiran sallar ƙanena, ban taɓa jin ya ja shi kamar na ranar ba. Da ya gama bai saki madannin ba. Ya ce, "Muhsina, lokaci ya yi, ki yi sallarki. La'asar ma sandar za ta nuna miki, zan koya miki yadda ake yi. Sauran ukun ki bi lissafin malamai, daidai ne." Har na zaci ya gama. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Allah ya dawo mini da ke."

Ta gaya mini daga baya cewa a kan ƙanƙarar ta shimfiɗa rigar sanyinta ta yi sallar, abokan aikinta suka juya baya suka tsaya ta inda iska take busowa don su tare mata.

Ta dawo lafiya, ta rame, fuskarta ta yi baƙi kamar wadda ta yi noma. Wata bakwai suka yi suna haɗa rahotonsu. Da lokacin taron ƙasashen ya zo tana gida, kullum tana manne da waya. Dokar taron ita ce sai kowace ƙasa ta yarda, ko ɗaya ta ƙi magana ta mutu. Ranar da aka tashi taron na je gidan da rana na same ta zaune a bakin rijiya, idanu jawur. Ba a yarda ba. Wasu sun ce a ƙara bincike, a dawo baɗi. Ta ce haka aka ce bara, haka aka ce bara waccan. Ta ce, "Gwaggo, yatsuna har yanzu ba su daina zafi ba, ashe duk a banza." Ni kuwa gurbin Lambata kawai nake gani.

Malam ya fito daga ɗaki zai tafi masallaci, ya tsaya a kanta.

"Su nawa suka ƙi?"

"Kaɗan ne, Baba. Amma kaɗan ɗin sun isa."

"Akwai wani gida a bayan masallaci," in ji shi. "Tun ina saurayi nake kiran asuba a kunnen maigidan, bai taɓa fitowa ba. Kin taɓa ji na ce gobe ba zan kira ba?"

Ta girgiza kai.

Ya koma ɗaki ya fito da wani abu naɗe a tsohon rawani, ya ajiye mata a cinya. Ta warware. Sanda ce ta itacen kanya, an fere ta sumul, tsawonta ɗaya da ta masallaci, an sa mata ƙarfe mai tsini a gindi don ta kama ƙanƙara. Sakinatu ta gaya mini tun watan da yarinyar ta dawo yake fere ta a ɓoye.

"Ta Bajamushen nan ta cika tsawo," ya ce. "Yaushe jirgin zai koma?"